Ina koyarwa a makarantar kuɗi, ina son canza aiki: in ajiye, in sayi gurbi, ko in ci gaba da turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Argungu ne, na karanta tattalin arzikin noma a jami'ar Aliero, na yi bautar ƙasa, yanzu shekara huɗu ke nan ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Birnin Kebbi. Albashin ba ya kai ni tsakiyar wata, ga iyali. Duk tallan aikin da na gani a WhatsApp sai na tura CV, amma ko sau ɗaya ba a taɓa kira na ba. Yanzu wani ya ce yana da gurbi a wata hukumar tarayya in na kawo miliyan ɗaya da rabi. Ina kuma tunanin ajiye koyarwar don in sami lokacin nema sosai. Mece ce shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya buɗa. Na daɗe ina aiki a sashen kula da ma'aikata, a gwamnati da kuma kamfani, na zauna a kwamitocin tace takardu da na intabiyu, don haka daga wancan gefen teburin zan ba ka amsa. Abu biyu a cikin tambayarka amsarsu gajera ce: kada ka ajiye aikin da ke hannunka, kada kuma ka ba mutumin nan ko sisi. Na ukun, wato dalilin da ya sa kake turawa shiru, shi ne mai tsawo, kuma a nan gyaran yake.

Bari mu kawar da maganar kuɗin tukuna. Aikin gwamnatin tarayya ba ya tabbata da takarda ɗaya. Ma'aikatu na ainihi Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya ce ke ɗaukar musu manyan ma'aikata, sauran hukumomi kuma kowace da hukumar gudanarwarta. Kafin a ɗauka sai an sami amincewar cewa akwai gurbi da kuɗin biyansa a kasafi, sai Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai ta sa hannu, bayan nan kuma sai an shigar da sunan mutum cikin tsarin biyan albashi na IPPIS. Mai sayar da gurbi ba ya riƙe da duk waɗannan ƙofofi. Abin da yake iya yi maka shi ne takarda mai tambari da sa hannu, wadda kowane shagon kwamfuta a Birnin Kebbi zai iya buga irinta. Wani ma har ya kai ka ofis a ba ka tebur, ka yi wata shida kana zuwa babu albashi, ana ce maka "ana kan shigar da sunanka", ranar tantance ma'aikata a gano takardar ta jabu ce. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya taɓa sanar da gano sama da mutum 1,000 da ke aiki da irin waɗannan takardu, kuma a 2023 Majalisar Wakilai ta zauna bincike a kan cinikin guraben aiki a hukumomi. Ba ina cewa ba a taɓa sayen aiki ya tabbata ba, in na faɗi haka ka san ƙarya nake. Amma kai da ke waje ba ka da hanyar bambance na gaske da na ƙarya, kuma idan kuɗin ya tafi ba ka da bakin kai ƙara da ƙarfin gwiwa, domin dokar da ta kafa ICPC a 2000 ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa. Hadisin da ya la'anci mai ba da cin hanci da mai karɓa kuma ba sai na tuna maka ba. Miliyan ɗaya da rabin nan na tabbata ba a aljihunka take ba. Gona za a jinginar, ko a sayar da shanun tsoho, ko zinaren uwargida. Ka bar su inda suke.

Ajiye aiki kuwa sakin na hannu ne a kama na guje. Ɗaukar ma'aikata a gwamnati kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, daga talla zuwa albashin farko. Sannan kwamiti ya fi sakin jiki da wanda ke kan aiki. Wanda ya ce ya ajiye "don ya nemi wani", tambaya ta farko da ke zuwa ran mai tace takardu ita ce ko korarsa aka yi. Ga kuma wata: wanda buhun gero ya ƙare a gidansa duk abin da aka miƙa masa karɓa zai yi, ko ya fi na baya muni. Neman aiki ba ya cin yini guda. Awa ɗaya bayan la'asar, da ranar Asabar, da hutun ƙarshen zango sun ishe ka, in ka san abin da kake yi da su.

To me ya sa ba a kiranka? Ka yi tunanin wanda aka zube wa takardun ɗaruruwan mutane a kan gurbi biyu ko uku, aka ce ya fitar da mutum goma kafin ƙarshen mako. Ba wanda ya fi kowa cancanta yake nema ba a zagayen farko. Dalilin ajiye takarda a gefe yake nema, don tulin ya ragu. Talla ya ce ana son mai digiri a fanni kaza, kai naka daban: gefe. An ce a rubuta sunan gurbin a kan saƙon imel, ka bar wurin fayau: gefe. An ce a haɗa komai a fayil ɗaya na PDF, ka turo hotuna takwas da ka ɗauka da waya a kan tabarma: gefe. Yawancin waɗanda ba a kira ba, ba wai an auna su an ga sun gaza ba ne. Ba a ma kai ga karanta su ba. Kai da ka ce duk tallan da ka gani kana turawa, na kusa rantsewa CV ɗaya ce kake aika wa banki da asibiti da ƙungiyar agaji da kwastan, ba ka taɓa canza ko layi ɗaya ba. Takardar da aka rubuta don kowa, babu wanda zai ga kamar don shi aka yi ta.

Kafin ka sake tura komai, shimfiɗa takardunka duka a gabanka: shaidar firamare, sakamakon WAEC ko NECO, digiri, takardar NYSC, NIN, BVN, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma. Duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. A nan mu mutanen wannan yanki muke yawan faɗuwa, kuma abin haushi ne domin ba laifin ƙwaƙwalwa ba ne. A firamare an rubuta sunanka da na mahaifi, a sakandare an ƙara sunan gari, a NIN an sa na kaka, a banki harafi ɗaya ya canza. Shekarar haihuwa kuma wadda malamin aji ya ƙiyasta daban, wadda aka rage lokacin JAMB daban. A da ana wucewa da wannan. Yanzu shafukan ɗaukar aiki na tarayya suna janyo bayananka kai tsaye daga NIN, kuma ranar tantancewa jami'in da ya ga shekara biyu a takardun mutum ɗaya ba ya tsayawa jin labari. Zaɓi suna ɗaya da rana ɗaya, waɗanda suka dace da takardun karatunka tunda su ne mafi wuyar canzawa, ka yi takardar rantsuwa a kotu, in canjin suna ne ka buga a jarida, sannan ka gyara NIN da BVN su bi sahu. Gyaran na ɗaukar lokaci, don haka ba ranar da aka buɗe shafi ake fara shi ba. Ka kuma karɓo ainihin takardar digirinka daga jami'a. Mutane da yawa suna shekara biyar suna yawo da takardar sakamako ta wucin gadi, sai an ce "kawo orijinal" a fara gumi. Takardar asali kuwa ta Argungu za ka karɓa, ba ta Birnin Kebbi ba, duk da a nan kake zaune. Kada ka yarda wani ya yi maka ta wata ƙaramar hukuma don wai can ne gurbi ya fi yawa.

Bayan takardu, sai ka yanke shawarar ƙofar da kake bugawa, domin kasuwar aiki a Kebbi ba ɗaya ba ce.

Ƙofa ta farko aikin gwamnati ne, shi kowa ke so, kuma na gane dalili: tabbas, fansho, da daraja a gari. Mai digiri yana shiga a mataki na 08, mai NCE a na 07. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, gwamnatin Kebbi kuma ta amince da 75,000 a shekarar. Dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, abin da ya sa ƙananan makarantun kuɗi da yawa ke biyan abin da suka ga dama. A jiha, gurbin da ya fi buɗewa koyarwa ce da aikin lafiya, kuma a nan shekara huɗunka na aji jari ne, sai dai digirinka ba na koyarwa ba ne. Idan da gaske kana son wannan layi, yi difilomar koyarwa ta PGDE, wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, ke gudanarwa ba tare da mutum ya bar aikinsa ba, sannan ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN. Malamin da ke da waɗannan biyun yana gaban wanda ba shi da su tun kafin a buɗe baki. A tarayya kuwa, ka'idar rabon muƙamai ta ce 'yan kowace jiha kada su gaza kashi 2.5 cikin 100 na ma'aikatan hukuma, kada su wuce kashi 3. Ma'ana a mafi yawan lokuta da 'yan Kebbi kake takara, ba da duk Najeriya ba. Saboda haka duk sanda Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya, ko hukumar da ke ɗauka wa shige da fice da sibil difens da gidan gyaran hali da kashe gobara ta buɗe shafi, cika, kyauta ne. Ka duba adireshin ya ƙare da .gov.ng, ka kuma duba iyakar shekaru kafin ka ɓata kuɗin kafe. Kada ka manta da cibiyoyin tarayya da ke ƙofar gidanka: jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi, jami'ar noma ta Zuru, kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru. Cika, ka yi addu'a, ka juya ga sauran ƙofofi. Aikin gwamnati ba a zaman jiransa.

Ƙofa ta biyu ƙungiyoyin agaji ne da shirye-shiryen da Bankin Duniya ke tallafa wa. UNICEF na kula da Kebbi da Sakkwato da Zamfara daga ofishinta na Sakkwato, likitocin MSF suna aikin tamowa a jihar, ga shirin AGILE na karatun 'yan mata wanda Kebbi na cikin jihohin da aka fara da su, ga ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ruwa. Suna biya da kyau, amma kwantiragi ne na wata shida ko shekara. Tun da Amurka ta yanke tallafin USAID a farkon 2025 guraben sun ragu, ƙwararrun da suka rasa aiki kuma sun dawo layi ɗaya da sababbi. Ba kasafai ake shiga nan ta babbar ƙofa ba. Ana farawa ne da aikin tattara bayanai na mako biyu ko uku, a ga aikinka, a sake kiranka. Abin da suke nema a wannan mataki a fili yake: iya cika tambayoyi a waya da KoboCollect ko ODK, iya Excel, iya rubuta rahoton shafi ɗaya da Turanci mai tsabta, da sanin ƙauyuka. In kana jin Zabarmanci ko Fulatanci, rubuta shi a sarari, domin akwai aikin da a kan wannan kaɗai za a ɗauke ka a bar mai digiri na biyu. Tallansu na fitowa a ReliefWeb, MyJobMag, Jobberman da LinkedIn, da kuma shafukan ƙungiyoyin kansu. Wanda ka gani a WhatsApp, bi shi har asalinsa kafin ka tura.

Ta uku ita na fi so maka, kuma ita ce na ga ba ka ambata ba. Ka karanta tattalin arzikin noma, kuma ka fito daga garin shinkafa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, a Argungu kamfanin WACOT ya buɗe masana'antar sarrafa shinkafa a 2017, ga masana'antar shinkafa ta Labana a Birnin Kebbi, ga ƙananan injinan casa barkatai, ga dillalan taki da iri da maganin feshi, ga cinikin albasa a Aliero, ga bankuna da ƙananan bankunan da ke ba da bashin noma. Duk waɗannan suna buƙatar wanda zai yi rajistar manoma, ya auna gona, ya bi diddigin bashi, ya sayi shanshera ya san danshinta, ya riƙe lissafin sito. Irin waɗannan gurabe da wuya a buga su a jarida. Manaja ne ke tambayar na kusa da shi ko ya san wani yaro mai amana da ya iya kwamfuta. Kuma lokacin ɗauka yana bin kakar aiki: gab da fara noman rani da lokacin girbi. Kai takardarka da ƙafarka kafin waɗannan lokuta, ka nemi ganin mai kula da ma'aikata ko shugaban sashen hulɗa da manoma, ba ka bar ta wurin mai gadi ba.

Yanzu ga CV ɗin kanta. Shafi biyu sun isa. Sunanka, lambar waya ɗaya da ke shiga kullum, adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba, garin da kake zaune. Cire dogon sakin layin nan na sama da masu shagon kwamfuta ke kwafa wa kowa, mai cewa kai mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai son ci gaban ma'aikata. Mun karanta shi sau ba adadi, har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Abin da ake nema shi ne me ka yi, nawa, kuma me ya fito. "Malamin makaranta, shekara huɗu" bai gaya mini komai ba. Amma in ka rubuta, a misali, cewa ka koyar da ilimin noma a azuzuwa uku na babbar sakandare, ka shirya ɗalibai 60 zuwa WAEC, ka riƙe sakamakon makarantar gaba ɗaya a Excel, ka karɓi kuɗin jarrabawa ka miƙa lissafi babu giɓi, to ka nuna mini mutum mai iya tsayawa gaban jama'a, mai iya lissafi, wanda aka ba amanar kuɗi. Ka sa lambobinka na gaskiya, waɗanda za ka iya karewa in an tambaya. Sannan ga abin da 'yan Argungu da Suru da Yawuri ke ɓoyewa kamar abin kunya: gonar gida. In kana taya tsoho noman rani a fadama, kai ke lissafin man injin ban ruwa da taki da 'yan ƙwadago, ka san buhu nawa kadada ke bayarwa, ka san yadda ake ciniki da dillali, wannan gogewa ce, kuma a wurin kamfanin shinkafa ta fi koyarwar nauyi. Rubuta ta a matsayin aiki, da shekaru da girman gona. Ka yi CV iri biyu ko uku: ta koyarwa, ta noma, ta aikin tattara bayanai. Gaskiya ɗaya ce a cikinsu, abin da ke sama ne ke canzawa.

Takardar neman aiki da ke rakiyar CV kuma kada ta wuce rabin shafi, kuma kada ta zama ta roƙo. Maraici, yawan iyali da tsadar rayuwa gaskiya ne, amma ba su ne ake saye ba. Ɗauki abubuwa uku da tallan ya ce ana so, ka nuna inda ka taɓa yin kowanne. Ba wani wanda Turancinsa ya fi naka ya duba maka. Masu shaidarka su zama waɗanda suka ga aikinka da idonsu, kamar malamin da ya duba kundin bincikenka a Aliero ko shugabanka a wurin bautar ƙasa, kuma ka sanar da su kafin ka sa sunansu. Na ga an kira mai shaida a gaban kwamiti ya ce bai gane wa ake nufi ba.

Za ka ce duk wannan banza ne in babu hanya. Hanya na aiki, ba zan musa ba, musamman a guraben jiha inda takardar ɗan majalisa ko ta fada ke buɗe ƙofa. In kana da wanda zai yi maka magana ba tare da kuɗi ba, kuma ka cika sharuɗɗa, ban ga aibu ba. Sai dai mutane ba su iya amfani da ita ba. Ka je gaban babban mutum ka ce "ranka ya daɗe, a taimaka mini da aiki", ka ɗora masa nauyin da bai san ta inda zai ɗauka ba, sai ya ce "to, Allah ya sa mu ji alheri", magana ta mutu. Amma in ka ce wuri kaza suna ɗaukar jami'an hulɗa da manoma, na tura takarduna ranar kaza, ga kwafi, ina roƙon a yi mini magana a duba, ka ba shi aikin kiran waya ɗaya. Kuma hanyar da ta fi yawan haifar da aiki ba ta manya ba ce. Abokan karatunka da suka riga ka shiga, da waɗanda kuka yi bautar ƙasa tare, su ke fara jin an buɗe gurbi. Iyayen ɗalibanka ma ma'aikatan banki ne da asibiti da ma'aikatu, suna kuma ganin aikinka a littafin 'ya'yansu. Kada ka mai da ranar karɓar sakamako ranar roƙo, amma babu laifi wanda kuka saba ya san abin da ka karanta.

In an kira ka, yawanci jarrabawar kwamfuta ce farko: lissafi, Turanci, al'amuran yau da kullum, ga lokaci ƙanƙane. Wanda bai saba da linzamin kwamfuta ba ya je kafe ya gwada hannunsa tun kafin ranar. A intabiyu, zo da orijinal da kwafi a jere cikin fayil, da shiga mai tsabta, kaftani da hula sun wadatar. In an ce ka gabatar da kanka, ba tarihin zuriya ake so ba: karatu, aikin da kake yi, da dalilin da ya sa ka dace da wannan gurbi, cikin minti biyu. Gwada faɗinsa da Turanci da ƙarfi a ɗaki har bakinka ya saba, domin yaranmu da yawa sun san amsa, furtawa ce ke gagara. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu da ita, ta sunkuyar da kai gaban manya da rage murya, a gida ado ce, amma a gaban kwamiti wanda bai san al'adarmu ba sai ya ɗauka rashin sani ne. Ɗaga kai, ka yi magana a ji. Za a tambaye ka me ya sa kake son barin inda kake. Kada ka zagi mai makarantar ko da ya cancanci zagi. Ka ce kana son komawa fannin da ka karanta. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka nemo shi. In ta waya ko bidiyo ce, cika batir, ka nemi inda sabis ke da ƙarfi, ka kori yara daga ɗakin. Kuma da halin da hanyoyinmu ke ciki, duk gayyatar da ta ce ka zo wani otal ko wani gari ba tare da adireshin ofis da za ka iya tabbatarwa ba, ko ta ce ka turo kuɗin fom, na gwajin lafiya ko na horo, share ta. Inda za ka je ma, wani a gida ya san wurin, kuma ka yi tafiyar da rana.

Ranar da takardar ɗauka ta zo, kada murna ta hana ka karatu. Tambayi abin da zai shigo asusunka bayan an cire komai, ba jimillar da aka rubuta ba. A dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 cikin 100 daga gare ka, mai aiki ya ƙara kashi 10, ga haraji a kai. Duba tsawon kwantiragi, lokacin gwaji, garin da za a tura ka, da wanda zai biya kuɗin mai in aikin na yawo ne a kan babur. Ƙarin dubu ashirin da zai kai ka Kamba ko Zuru ka riƙe gida biyu, ragi ne. Aikin gwamnati yana da gwajin shekara biyu kafin a tabbatar da mutum. Kamfani zai iya neman garanto, wannan daidai ne, amma ka gaya wa wanda zai tsaya maka abin da yake sa wa hannu. Wanda ya ce ka ajiye masa orijinal na digirinka a matsayin jingina, ka ƙi, ko nawa ne albashin. Alkawarin baki kuma, ko daga bakin wa ya fito, ba ya sa a rubuta takardar ajiye aiki. Sai ka riƙe takarda mai sa hannu da ranar fara aiki, ka kuma tabbatar da ita a ofishin da ya bayar.

Sannan ka fita ta ƙofa. Duba takardar da makarantar ta ba ka lokacin ɗauka, in akwai, ka ga notis na kwana nawa ta ce. In babu, ma'aunin da Dokar Ƙwadago ta sa shi ne mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar, amma ni wata guda nake ba malami shawara, kuma in sabon wurin zai jira, ka kai ƙarshen zango. Yaran da ke shirin WAEC ba su yi maka laifin komai ba, kuma Birnin Kebbi ƙaramin gari ne: mai makarantar da ka gudu ka bari ana tsakiyar jarrabawa, wataƙila surukin sabon manajanka ne. Miƙa rajista, sakamako da duk kuɗin da ke hannunka a rubuce, wani ya sa hannu ya karɓa. In suna zuba maka fansho, lambar asusunka taka ce har abada, ita za ka ba sabon wurin, kada ka buɗe wata. Kafin ka fita ka karɓi takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar da ka fara, ranar da ka bari da abin da ka koyar, a kan takarda mai tambarin makarantar. Makarantun kuɗi kan canza shugaba, wasu su rufe gaba ɗaya, kuma nan da shekara biyar in wata hukuma ta ce ka kawo shaidar waɗannan shekaru huɗu, ba lallai ka sami wanda zai rubuta maka ba.